Ƙafafun Ɗan Jagora

Ƙasar garin Greensboro ja ce, kuma in ta kama abu ba ta saki da daɗin rai. Ban san haka don na yi noma a cikinta ba. Na sani ne don na shafe shekaru ina durƙushe a bakin ƙofa ina ciro ta daga tsakanin yatsun kare. Ni ɗin nan, wadda a Zariya in na hango kare a lungu sai in canja hanya ina ta'awizi. Da wani ya faɗa wa mahaifiyata cewa haka zan ƙare, da ta sa an yi masa rubutu ya sha.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai ƙafa. Tun muna gida ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya ce bari ya sayo burodi, sai ya zaga unguwa kaf ya dawo da labarin kowa, wani lokacin ma ba burodin. Da muka zo nan ƙasar Turawa ya sami aiki a wani katafaren sito da ke bayan titin Wendover, yana tuƙa 'yar motar ɗaga kaya. In ya tashi aiki sai ya ajiye mota ya taka, a garin da ba mai takawa sai wanda motarsa ta mutu. Ciwon suga ne ya cinye masa ido a hankali, na hagu tukuna, sannan na dama. Aiki ya tafi, lasin tuƙi ya bi shi. Sai ya koma kan kujerar falo da waya a kunne, yana jin labaran duniya daga safe har ya haddace su.

Ni ce na zama 'yar jagorarsa, kuma gaskiya ban iya ba. Ina da gaggawa, ina da baki. Muna tafe ina cewa ga tudu, ga mota, dakata, ɗaga ƙafa, kamar mai koya wa yaro tatata. Shi kuma ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya ce, "Hajiya, idona ne ya mutu, ba hankalina ba." Ba fitar da za mu yi mu dawo muna magana da juna. Daga baya ya daina cewa in raka shi, ni kuma na daina tayi. Ina kallon mutum yana mutuwa a zaune, ina dafa masa abinci.

'Yarmu ta fari, wadda take aiki a wani kantin magani, ita ce ta zo da maganar karen makafi. Akwai makarantar da take horar da su ta ba mabuƙata.

"Mama, it's not a pet," in ji ta. "Aiki yake yi. Ki ɗauke shi kamar sanda mai ido."

"Sandar da take lasar mutum?" na ce mata. "A ina kike so in yi salla, a kan rufin mota?"

Ta juya wajen ubanta. Shi kuwa sai na ga ya cire wayar daga kunne ya kife ta a cinya, abin da ya daɗe bai yi ba. Muka je wajen malamin masallacinmu, ni ina fatan ya ce haramun ne in huta. Malam ya ce larura ce, kuma a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne. A dai kula da abin da ya taka da abin da ya sa wa baki, a kuma tsare wurin salla. Na dawo gida da haushin malam, na kafa sharuɗɗa: ba zai shiga ɗakin da nake salla ba, ba zai leƙa kicin ba, kuma ƙafarsa ba za ta taɓa kafet ɗina ba sai an wanke ta.

"Na yarda," in ji maigida. "To amma wa zai wanke? Makaho dai ba ya ganin laka."

A nan na gane ni na haƙa ramin, ni kuma na faɗa.

Ya je makarantar ya yi 'yan makonni, ya dawo da kare ƙato mai launin madara, wanda ko ƙura ce ta hau shi sai an gani. An ba shi da wani suna na Turawa, amma maigida Ɗan Jagora yake ce masa, ni kuwa "wancan" nake cewa. Washegari ya ɗaura masa ɗamarar aikinsa, mai mariƙi a gadon baya, ya kama da hannun hagu, ya buɗe ƙofa da kansa. Na tsaya a taga ina kallon su har suka sha kwana. Tafiyarsa ta dā ce ta dawo, kafaɗa a buɗe, kai a sama. Na yi kuka, sannan na tafi na ɗebo ruwa.

Gidanmu a ƙasan bene yake, da ɗan dandamalin siminti a bakin ƙofa. Nan na mayar wurin aiki. Baho ƙarami, buta da ruwa mai ɗumi, sabulu marar ƙamshi, tsofaffin tawul, da zane guda da na ware don wannan kawai. Da farko har safar hannu nake sawa biyu-biyu, ina kawar da kai kamar mai kwasar kashi. Sai na lura safar ba ta jin tsakuwa in ta maƙale a tsakanin yatsu, karen ya yi ta ɗingishi, maigida ya yi ta tambaya. Na yar da ita.

Akwai yadda ake yi. A fara da ƙafafun gaba, a tsoma ɗaya a baho, a buɗe yatsun da babban yatsa, a murza gashin da ke tsakani har ruwan ya daina fita ja. A tsane sosai, don in an bar danshi wurin yakan yi wari, har ya yi gyambo. Sai na baya, sai ciki da ƙirji inda laka take fallatsa, sai a bi kunnuwa da wuya da hannu ana laluben kaska in lokacin zafi ne. Da sanyi gishirin da ake zubawa a hanya don ƙanƙara yana tsattsaga masa tafin ƙafa, sai na shafa masa man kaɗanya daga nawa na shafawa, wanda aka kawo mini tsaraba daga gida. In na gama in wanke hannu, in canja zane, in yi alwala.

Maigida yana tsaye ya jingina da bango yana jin duk abin da nake yi.

"Shekara nawa da aurenmu," in ji shi wata rana, "ba ki taɓa shafa mini man kaɗanya a ƙafa ba."

"Kai ma ka koyi tsayawa shiru in ana maka abu, ka gani."

Ba kowa ne ya ga abin da dariya ba. Mata suka rage zuwa. Wata Hajiya dattijuwa da muka shaƙu, in ta kawo mini saƙo sai ta tsaya a wurin ajiye motoci ta buga waya in fito. An yi wani suna a Summerfield, na kai waina cike da kula, kuma duk garin nan an san wainata; na dawo da kulata yadda na kai ta, sai ɗan gefen da wata 'yar zangon Gana ta ci, tana ci tana harara kowa. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na zauna a mota na yi kukana na share ido. Amma da na iso gida na tarar da su a bakin ƙofa suna jira na, mutumin yana fito, karen laka har gwiwa, sai na ce kowa ya riƙe cikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A hankali na gane ƙafar kare ba ta iya ƙarya. In na ga jar laka mai danƙo, sun bi hanyar bakin rafi da ke bayan gidajenmu. In baƙin maiƙo ne, sun tsallaka ta wajen gidan mai. In ƙananan ƙayoyi ne masu kama da ƙarangiya suka cika masa gashin ciki, sun ratsa filin ciyawa na bayan makarantar yara. In bazara ta shigo kuwa, garin furen itatuwa ne yake mayar da shi rawaya tun daga hanci. Abin ya zame mana wasa. Da sun iso sai ya ce, "To, boka, ina muka je yau?" In duba in faɗa, ya yi dariya ya ce da a gida ne da an kama ni da maita. Ni da ban taɓa iya raka shi ba, sai ga shi kullum ina sanin inda ya sa ƙafa. Ban san ranar da na daina cewa "wancan" ba.

Wata kaka aka yi ruwa kwana da kwanaki, ko'ina ya jiƙe. Suka fita bayan la'asar kamar kullum, suka daɗe kamar kullum. Da suka dawo na tsoma ƙafar farko a baho, ruwan ya tsaya fari tas. Na biyu ma haka. Cikinsa a bushe, sai ƙurar siminti a gefe ɗaya na jikinsa, irin ta wanda ya daɗe a kwance. Maigida bai tambaye ni inda suka je ba, ya wuce ciki. Washegari haka, jibi ma haka, yana kuma ba ni labarin yadda rafi ya cika har ya kusa taɓa gada.

Ni ba na iya riƙe abu a ciki. Ran nan da suka fita na zura hijabi na bi su daga nesa. Ban yi wata tafiya ba. Suna shan kwanar da tagata ba ta hangowa, sai ga rumfar jiran bas, da benci a ciki. Nan ya zauna, hannu dafe da ƙirji, bakinsa a buɗe yana neman iska. Karen ya kwanta a kan ƙafafunsa. Bas ta zo ta tsaya ta buɗe ƙofa, ya ɗaga wa direba hannu, ta wuce. Na tsaya a bayan wata mota ina kallon mijina yana ƙirga lokaci don ya dawo mini a matsayin wanda ya yi tafiya.

Na riga su komawa. Na haɗa ruwa, da suka iso na durƙusa, na kama ƙafar karen.

"Ina kuka je yau?" Ni na tambaya wannan karon.

"Bakin rafi."

"Rafin shimfiɗa masa kafet aka yi?"

Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya gaya mini abin da ke damunsa. Sai ya lalubi bango ya zame ya zauna a kan simintin kusa da ni, ya ja ƙafar wandonsa sama. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, na danna da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya ce ya kwana biyu in ya yi 'yar tafiya numfashinsa sai ya ɗauke.

"Kada ki gaya wa yarinyar nan," in ji shi. "In ta ji, asibiti ne. In asibiti suka ji, za su zaunar da ni. Na zauna sau ɗaya, Hajiya, na san yadda zama yake."

Ban yi masa alkawari ba. Ina tsane ƙafar ƙarshe na shiga ɗaki na buga mata waya, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Ya yi fushi da ni na kwanaki, in na ajiye abinci sai ya ce wa karen ya gaya mini ya ƙoshi. Likitoci suka ce ƙoda ce, ta kusa tsayawa, zuciya ma ta gaji. Aka sa shi a wankin ƙoda kwana uku a mako. Ranar da aka yi masa yakan dawo kamar tsumman da aka matse, ranar da ba a yi ba yana tattara ƙarfin da za a matse gobe.

Karen kuwa bai san an yi haka ba. La'asar na yi zai je ya tsaya a ƙarƙashin ƙusar da ake rataye ɗamararsa, ya kalli ɗamarar, ya kalli maigida. Dole ƙanwar na ƙi, ni na koma fita da shi, da hijabina da igiya a hannu da leda a aljihu, mutane suna rage gudu suna kallona. Amma yawo da ni ba aiki ba ne. Ya fara ƙiba, ya fara tsayawa shinshinar bishiyoyi, abin da ba ya yi a dā. Kullum ina gaya wa maigida cewa in ya ji sauƙi zai karɓi abinsa, shi kuma ya ce in sha Allahu.

Wata Baturiya daga makarantar takan zo lokaci-lokaci ta duba su. Da ta zo ta ga halin da ake ciki, ta yi magana a tsanake. Ta ce in muna so mu riƙe shi ya zama karen gida, ba mai ƙwace mana. In kuma mun mayar, yana da sauran ƙuruciya, za a ɗan sake masa horo a ba wani makaho, don masu jira suna da yawa. Ta ce mu yi shawara.

Tana fita na ce a bar shi. Ni da na ce sai dai in yi salla a rufin mota, ni ce nake ɗaga murya a kan kare.

"Malam don aiki ya halatta mana shi," in ji maigida.

"To ai za ka koma aikin. Wa ya ce maka ba za ka warke ba?"

"Hajiya."

"Likita ya ce in an dace da dashe..."

"Hajiya, akwai wani yanzu haka a kan kujera, matarsa tana ce masa ga tudu, ga mota. Ki tausaya masa."

Ya so in yi dariya, ban yi ba. Na san ba maganar kare muke yi ba. Muddin ɗamarar nan tana rataye a bango, akwai ranar da zai sake buɗe ƙofa da kansa. Shi ya riga ya san ranar ba ta zuwa, ni ce nake ƙi. Na yi masa faɗa, na yi magiya, na kira 'yarmu ta taya ni, ita kuma ta yi ta kuka a waya tana cewa, "It's Baba's choice, Mama." Bai canja magana ba.

Ranar da za a zo ɗaukarsa, ya ce zai fita da shi. Na ce zan bi su, ya ce in biyo amma in na yi magana ko ɗaya in koma. Ya ɗaura masa ɗamara, karen yana rawar jiki don murna. Suka wuce rumfar bas ba su tsaya ba. Ina bayansu na cije leɓe, ina jin numfashinsa daga inda nake. Ya huta a jikin wata bishiya, ya sake hutawa a jikin shingen waya, karen yana rage sauri da kansa. Da ƙyar suka kai inda kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta fara gangarawa rafi. Ya taka ta, ya yi 'yan taku a ciki, ya tsaya yana sauraron ruwan. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Ya isa. Mu je gida."

Mun tarar da motar makarantar a ƙofar gida. Baturiyar ta ga lakar ta ce kada in damu, akwai shimfiɗa a bayan motar. Na ce mata da Turancina na kasuwa, ba wanda yake barin gidana da datti. Na kawo baho na durƙusa. Sai na ji maigida ya dafa kafaɗata ya durƙusa a gefena, ya ce in miƙo masa ƙafa ɗaya. Bai taɓa wankewa ba, amma ya sha jin yadda nake yi. Ya buɗe yatsun a hankali yana murzawa, yana yi wa karen magana ƙasa-ƙasa da Hausa, yana ce masa ya yi haƙuri da wanda za a ba shi, farkon abin da wuya. Ni hawaye ya hana ni ganin ko ruwan ya daina fita ja. Da muka gama karen ya haye mota da aka ce ya hau, bai waiwayo ba. Haka aka horar da shi, amma na ji haushinsa.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai ko'ina. Mata suka dawo, har da Hajiyar nan ta wurin ajiye motoci, ta shigo har falo ta zauna ta ci wainata ta ƙara, tana cewa masha Allahu gida ya yi fes. Ba da mugunta ta faɗa ba, duba marar lafiya ta zo yi, da kwanon farfesu a hannu. Na yi mata godiya. Maigida yana kan kujerarsa da waya a kunne.

Da suka watse ya kira ni. Ya ce takalmansa na tafiya suna nan a waje, in wanke su in ba wani, akwai yaran da suke zuwa karatu ba su da na sanyi. Na ce su zauna, ba su tare wa kowa hanya ba. Ya ce daga gado zuwa mota silifa ta ishe shi.

Na ɗauko su. Jar lakar ranar nan ta bushe a ƙasansu, ta cika duk ramukan. Na shiga banɗaki da su, na kunna famfo da ƙarfi, na zauna a bakin bahon wanka na rungume su a ƙirji har na ga an yi daɗewar da ta dace. Sannan na kashe ruwan, na sa su a leda na tura can saman kabad, na fito ina goge hannu a zane.

"Kin wanke?"

"Na wanke."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Ruwa na ji," in ji shi, "ban ji buroshi ba."

Ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya sami nawa, ya ji shi a bushe, ya riƙe.

"Bar su," ya ce. "In na tafi kya wanke."